Guba cikin buhun wake

Bayan girbi, babban abokin gabar wake shi ne ƙwaro. Manoma da ƴan kasuwa da yawa suna zuba masa maganin da ake ce ma piya-piya. Maganin nan yana kashe ƙwaro, amma yana kama jijiyoyin mutum: ciwon kai, amai, wani lokaci har rasa rai. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya a 2015, kuma kowa ya san hanyar fatauci ɗaya ce tsakanin Maraɗi da Kano.

Alhali akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda masanan INRAN da jami'ar Purdue ta Amurka suka yaɗa tun 2007. In an ɗaure bakinsa tam, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu ba da magani ba. Sai dai a kiyaye ɓera, kada ya huda ledar.