Gyaran ido da hasken leza: wace cuta yake warkarwa?

Akwai wanda in ya dubi allo sai ya ga baƙaƙe sun yi inuwa, na kusa da na nesa duka dishi-dishi, ya riƙa ƙanƙance ido har kai ya yi ciwo. Sau da yawa dalilin shi ne abin da likitoci ke kira astigmatizim.

A gaban ido akwai wani fai-fai garau, mai kauri wajen rabin milimeta, wanda haske ke ratsawa. In ya ginu daidai, kumburinsa ɗaya ne ta kowane gefe, kamar bayan ƙwarya. In wani gefe ya fi lanƙwasa, kamar ƙwai, haske ba ya taruwa wuri guda, sai gani ya ɓaci.

Tabarau da aka auna yana gyara wannan. Leza kuwa fai-fan take sassaƙewa kaɗan har ya daidaita. A shekarar 1988 likita Marguerite McDonald ta Amurka ta fara yin aikin ga idon mai gani, sannan wajen 1990 Ioannis Pallikaris na ƙasar Girka ya fito da hanyar da ake kira LASIK. Ana ɗiga maganin kashe zafi, mutum yana farke, aikin mintoci ne.

Amma ba kowa ake yi wa ba. Sai wanda ya kai shekara 18, kuma awon idonsa bai sake ba shekara guda. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa, ko mai ciwon sukari da bai lafa ba, ko wanda fai-fansa ya yi siriri. Bayan aiki ido kan bushe, wasu kuma fitila kan kashe musu ido da dare. Manomi sai ya nisanci ƙura da ƙaiƙayin sussuka har likita ya ba shi izini.

A kula: wannan aiki ba ya cire yanar ido, ba ya maganin amodari ko hawan jinin ido. Wanda ya wuce shekara 40 ma yakan bukaci tabaran karatu bayansa.

Saboda haka, kafin ka saida sa ko buhun wake ka kama hanya, je asibiti ma'aikacin ido ya auna ka, ya faɗa maka sunan ciwonka. Kada ka sayi tabarau a faifan ɗan kasuwa ba awo, kada kuma ka miƙa idonka ga mai allura.