Ɗan Koyo da Harshen Umarni: Matsalolin Farkon Shiga Manhajar Linux

1.0 Gabatarwa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa babbar manhajarsa ta Windows 10. Ita kuwa Windows 11 da ta gaje ta, ba ta yarda ta zauna a kan tsofaffin kwamfutoci da dama. Manazarcin harshe wanda na'urarsa ta kwana biyu, alhali a cikinta ne ya tara muryoyin da ya ɗauko da matanonin da ya kwafa shekara da shekaru, ya wayi gari da zaɓi uku: ya sayi sabuwa, ko ya ci gaba da tsohuwar ba tare da kariya ba, ko kuma ya ƙaura zuwa wata babbar manhaja ta kyauta wadda bai taɓa sani ba. Wannan maƙala ta shafi wanda ya ɗauki zaɓi na uku ne. Abin da za ta nuna shi ne, mafi yawan wahalar da ɗan koyo yake sha a makonnin farko wahala ce ta koyon harshe, kuma rubutun Hausa yana da wasu tarkuna nasa na daban a wannan fage.

2.0 Asali da Kare-karen Harshe

Abin da ake nufi da babbar manhaja shi ne shirin da yake tsakanin ƙarfen na'ura da sauran shirye-shirye, wanda yake kula da ajiyar fayiloli da allo da madannai. Akan kira manhaja buɗaɗɗiya idan an bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa yana da izinin karantawa da gyarawa da rarrabawa.

Tushen Linux yana komawa ne ga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1969. A 1983 Richard Stallman ya shelanta aikin GNU domin samar da makamanciyarta wadda ba mallakar kowa ba, sannan a 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya rubuta ƙwayar da ta cike giɓin da ya rage. Daga nan jama'a daban-daban suka riƙa harhaɗa nasu rabon: Debian ta fito a 1993, Ubuntu kuma a 2004, sunanta ma daga harsunan Zulu da Xhosa aka aro shi.

Yawan waɗannan rabe-rabe shi ne abu na farko da yake ruɗa baƙo, har ya ɓata makonni yana tambayar wanne ne na gaskiya. Kamata ya yi a ɗauke su tamkar kare-karen harshe guda. Bakano da Basakkwace suna fahimtar juna duk da bambancin lafazi da wasu kalmomi, haka ma wanda ya iya Debian ba zai ɓace a Fedora ba, illa dai a nan ana girka sabon shiri da umarnin apt, a can kuma da dnf. Saboda haka dogon nazari a kan zaɓi ɓata lokaci ne. Wanda wani na kusa yake amfani da shi, shi ne ya fi dacewa.

3.0 Jimlar Umarni

Linux ta yau tana da tagogi da hotuna kamar kowace manhaja, kuma shirye-shirye irin su LibreOffice da Praat da ELAN duk suna aiki a kanta. Sai dai ko ba daɗe ko ba jima, ɗan koyo zai iske kansa gaban baƙar taga wadda babu kome a cikinta sai alamar $ tana jiran a rubuta mata magana. A bayan wannan taga akwai wani shiri da ya cancanci a kira shi tafinta, domin aikinsa shi ne ya karɓi abin da aka rubuta, ya fasa shi kalma-kalma, ya miƙa wa na'ura.

Ginin jimlar da tafinta yake ganewa ba shi da wuya ga wanda ya san nahawu. Kowace jimla umarni ce, ba a ambaton aikau, aikatau ne yake zuwa farko, sai bayanau mai ɗauke da ɗan karan ɗori a gabansa, sai karɓau. Alal misali:

(1) cp -r tatsuniyoyi ajiya

Ma'anar (1) ita ce a kwafi jakar tatsuniyoyi da duk abin da yake cikinta zuwa ajiya. Jerin ya yi daidai da na "kai littafi kasuwa", wato abin da za a ɗauka ne farko, wurin da za a kai shi kuma ƙarshe. Wanda ya juya jerin a kan fayiloli biyu, ya sa tsohon kwafi ya danne sabon aikinsa ke nan, kuma ba za a tambaye shi ko ya tabbata ba.

Su kansu aikatan gajeru ne ƙwarai: ls, cp, mv, rm. Kalmomin Ingilishi ne aka zubar musu da wasula, kamar dai rubutun Larabci marar wasali. Dalilin haka na tarihi ne. Waɗanda suka gina Unix suna magana da na'ura ne ta wani keken rubutu mai suna Teletype 33, wanda ba ya buga fiye da haruffa 10 a daƙiƙa, don haka kowane harafi yana da tsada. Na'urar ta daɗe da shuɗewa, amma kalmomin sun zauna, kamar yadda ake cewa sule da sisi bayan kuɗin da suke nufi sun ɓace. Daga wancan zamani ne kuma aka gaji wata ɗabi'a mai tayar wa baƙo hankali: idan umarni ya yi nasara, ba a cewa uffan. Shiru alama ce ta an yi. Ɗan koyo kuwa yakan zaci ba a ji shi ba ne, sai ya maimaita.

Inda kwatancen harshe ya gaza shi ne wajen uzuri. Ɗan Adam yakan ji gurguwar Hausar baƙo ya gane nufinsa, tafinta kuwa abin da aka rubuta kawai ya sani. A wurinsa Kano.txt daban, kano.txt daban. Haka kuma malaman ƙa'idojin rubutu da suka daɗe suna jan kunnen ɗalibai a kan bambancin "ita ce" da "itace" za su ga hujjarsu a nan:

(2) a. rm *.txt
b. rm * .txt

Jimla (2a) tana share fayilolin da sunansu ya ƙare da .txt kaɗai. Ita kuwa (2b), saboda tazara guda da ta shiga tsakani, tana share dukkan fayilolin da suke cikin jakar, sannan ta yi ƙorafin ba ta ga wani fayil mai suna .txt ba. Abin da rm ya share ba ya zuwa kwandon shara balle a tsinto shi. Wannan ne ya sa ake hana mutum yin aikin yau da kullum da ikon mai gida. Sai buƙata ta taso yake aron ikon na ɗan lokaci ta hanyar sa kalmar sudo a gaban umarninsa.

4.0 Tarkunan Rubutun Hausa

4.1 Hamza

A rubutun boko, alamar ' baƙi ce mai cikakken matsayi. A wurin tafinta kuwa alama ce ta buɗe zance, kuma duk zancen da aka buɗe sai an rufe shi. Wanda ya rubuta cat jami'a.txt domin ya ga abin da fayil ɗin ya ƙunsa, zai ga alamar > ta fito ta tsaya, na'ura ba ta ce kome ba. Ba lalacewa ta yi ba, jiran hamza ta biyu take yi, kuma danna Ctrl tare da C yana fitar da mutum. Abin ya fi ban sha'awa a kalmar da take da hamza biyu:

(3) cat 'ya'ya.txt

A nan tafinta yana ɗaukar hamza ta farko mabuɗi, ta biyu marufi, ya cire su duka, ya tafi neman yaya.txt. An aike shi wurin 'ya'ya ya nufi wurin yaya. Maganin abin shi ne a sa sunan gaba ɗaya cikin alamar zance mai ƙwaya biyu, ko a rubuta farkon suna a danna Tab tafinta ya ƙarasa da kansa, in farkon ba hamza ba ne. Mafi sauƙi dai shi ne a bar hamza a cikin matani, a guje mata a sunan fayil.

4.2 Haruffa Masu Ƙugiya

Linux tana ajiye rubutu ne da tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A wannan tsari k tana cin gurbi ɗaya na ajiya, ƙ kuwa biyu, haka ma ɓ da ɗ da ƴ. Buga su ba matsala ba ne, domin a jerin tsare-tsaren madannai da suke zuwa tare da manhajar akwai na Hausar Nijeriya da na Hausar Gana, ban da na Yarbanci da na Ibo. Matsalar tana ɓullowa ne wajen ƙidaya.

Babbar fa'idar wannan manhaja ga manazarcin harshe ita ce bututu, wato alamar | da take zuba sakamakon wani umarni cikin na gaba da shi. Douglas McIlroy ne ya kawo shawararsa, aka shigar da shi Unix a 1973. A 1986 ne McIlroy ya nuna cewa da umarni shida da aka haɗa da bututu ana iya fitar da kalmomin da suka fi yawa a matani, aikin da Donald Knuth ya rubuta wa shiri mai shafuka da yawa. Har yau wannan misali ne ake koya wa masu farawa, kuma a nan ne tarkon yake. Matakinsa na farko yana ɗaukar duk abin da ba ya cikin A zuwa Z a matsayin iyakar kalma. Idan aka ɗora shi a kan matanin Hausa, ƙasa takan koma asa, sa'a ta rabe zuwa sa da a, kaɗan kuma ta zama ka da an. Da yake sa da a da ka da an duk kalmomi ne na gaske, jadawalin da zai fito ba zai nuna alamar ciwo ba. Ɗalibi yana iya gina babi guda na kundinsa a kan alƙaluman da aka kumbura da gutsattsarin wasu kalmomi, shi da mai duba shi ba wanda ya lura. Ga siga da take kauce wa wannan:

(4) grep -oE "[[:alpha:]']+" matani.txt | sort | uniq -c | sort -rn

A (4) an ce a tsamo duk jerin haruffa ko hamza, a jera su, a ƙirga maimaici, a sake jerawa daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Ko da haka, wajibi ne a gwada umarnin a kan jimla biyu ko uku da aka ƙirga da hannu kafin a amince masa da littafi guda. Jerawar ma tana da sharaɗi: idan na'ura tana kan tsarin asali da ake kira C, kalmomin da suka fara da ƙ za su faɗa can bayan z. Akwai tsarin ha_NG da aka tanada domin Hausa, shi ya kamata a zaɓa kafin a jera kalmomin ƙamus.

4.3 Tsofaffin Matanoni

Kafin Unicode ta yaɗu, masu buga Hausa sun yi dabarar ƙera zubin haruffa na musamman wanda yake nuna ƙ a gurbin } da ɗ a gurbin ]. A kan takarda rubutun yakan fito lafiya lau, amma da zarar fayil ya je na'urar da ba ta da wannan zubi, sai a ga }asa da ]aya. Wanda ya ƙaura zuwa Linux da tsofaffin maƙalunsa zai gamu da haka tun ranar farko, har ya zaci sabuwar manhajar ce ta ɓata masa aiki, alhali abin da yake cikin fayil ɗin tun asali ne ta nuna masa. Idan aka adana matanin a matsayin tsagwaron rubutu, layi guda ya isa gyara:

(5) sed 's/}/ƙ/g; s/]/ɗ/g' tsoho.txt > sabo.txt

Sauran haruffan akan ƙara su a bisa wannan siga, bayan an duba gurbin da kowanne ya zauna, domin masu ƙera zubin ba su bi hanya ɗaya ba. Sunan da yake bayan alamar > lalle ne ya bambanta da na farko. Tafinta yana fara wofintar da fayil ɗin da za a zuba wa sakamako ne kafin sed ya karanta kome, saboda haka wanda ya rubuta tsoho.txt a wuraren biyu zai buɗe fayil ɗinsa ya tarar babu ko harafi ɗaya a ciki.