Yadda mai zanen namun daji ke gudanar da aikinsa a ɗaka

Akasarin mutanen da ke ganin zanen giwa ko na zaki rataye a bango kan ɗauka cewa a tsakiyar daji mai zanen ya zauna ya yi shi. Amma a haƙiƙa makonni kaɗan ne irin waɗannan masu zane ke yi a daji a cikin shekara, sauran watannin kuwa a ɗakin aiki suke ƙarewa, a tsaye gaban allo tun safe har yamma.

Rayuwar David Shepherd, ɗan ƙasar Birtaniya da ya shahara wajen zanen giwayen Afirka, misali ce ta yadda wannan sana'a take. An haife shi a birnin London a shekara ta 1931, ya kuma rasu a shekara ta 2017.

Yadda ya shiga sana'ar

Tun farko dai Shepherd bai yi niyyar zama mai zane ba. Bayan ya gama makaranta ya tafi ƙasar Kenya da burin zama jami'in kula da gandun daji, amma aka ƙi ɗaukarsa. Da ya koma gida ya nemi shiga makarantar koyon zane ta Slade da ke London, nan ma aka sallame shi bisa hujjar cewa ba shi da baiwa.

Wani ƙwararren mai zane, Robin Goodwin, shi ne ya ɗauke shi ya horar da shi har tsawon shekaru uku. Babban darasin da ya koya a wurinsa shi ne cewa zane sana'a ce kamar kowace sana'a: ana fita aiki kullum, ko da marmari ko babu, domin da ita za a ci abinci.

Da zanen jiragen sama ya fara. A shekara ta 1960 rundunar mayaƙan saman Birtaniya ta kai shi Kenya, inda jami'anta suka nemi ya zana musu wani abu dabam da jirgi. Sai ya zana musu karkanda, kuma daga nan ne ya koma ga namun daji. Ya shafe shekaru da dama yana aiki a wani tsohon gidan gona da ke yankin Surrey, a kudu da London, dubban kilomitoci daga inda giwayen suke.

Haske da fenti

Abu na farko da mai zane ke dubawa a ɗakin aiki shi ne taga. A ƙasashen Turai an fi son tagar da ke fuskantar arewa, saboda rana ba ta shigowa ta nan kai tsaye, don haka hasken ba ya sauyawa sosai tsakanin safe da la'asar. Idan haske yana sauyawa, launin da aka haɗa da hantsi zai bambanta da wanda za a haɗa da yamma. A lokacin hunturu kuwa, sa'ad da rana ke faɗuwa a Ingila tun wajen ƙarfe huɗu, sa'o'in aikin kan ragu ƙwarai.

Shepherd ya fi amfani da fentin da ake haɗawa da mai. Irin wannan fenti kan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, kuma yana da ƙa'ida: ana fara shafa mai ruwa-ruwa a ƙasa, sa'annan a bi shi da mai kauri da yawan mai. Idan aka juya tsarin, na sama zai riga na ƙasa bushewa, daga bisani zanen ya tsattsage. Wannan jira ne ya sa masu zane da yawa ke ajiye zane uku ko huɗu a lokaci guda, suna taɓa wannan yayin da wancan ke shan iska. Bayan an kammala ma, akan jira watanni kafin a shafa man da ke kare zanen daga ƙura.

Dabba ba ta tsayawa

Matsalar da ta bambanta mai zanen dabbobi da mai zanen mutane ita ce, giwa ba za ta tsaya a zana ta ba. Saboda haka abin da ake kawowa daga daji shi ne littafin gajerun zane-zane na fensir, da ɗimbin hotuna, da kuma abin da ido ya riƙe.

Hoto kaɗai ba ya wadatarwa, domin kyamara kan baƙanta inuwa ta kuma ɓoye yadda gaɓoɓi suke. Dole mai zane ya san ƙirar ƙashi da tsoka, ya san cewa abin da ake gani kamar gwiwa a ƙafar baya ta barewa idon sawu ne. Dole kuma ya san wurin: giwayen gandun dajin Tsavo na Kenya, alal misali, ja-ja suke fitowa saboda jar ƙasar da suke watsa wa jikinsu.

Robert Bateman, ɗan ƙasar Kanada da ya yi koyarwa a Nsukka ta Nijeriya daga 1963 zuwa 1965 kafin ya shahara, ya yi suna da wasu dabaru na ɗakin aiki. Yakan ƙera ɗan mutum-mutumin dabba da roba mai laushi don ya ga yadda haske zai sauka a kanta, yakan kuma duba zanensa ta madubi, saboda kuskuren da ido ya saba da shi kan fito fili idan aka juya hoton.

Wannan himma ta kiyaye kamannin dabba ba sabon abu ba ce. A fadar Sarki Jahangir na daular Mughal a Indiya, Ustaz Mansur ya zana jakin dawa a shekara ta 1621, kuma zanen na nan a wani gidan tarihi da ke London.

Kasuwa da suka

Wani ɓangare na aikin ba shi da alaƙa da burushi. Akwai amsa wasiƙun masu odar zane, da shirya nune-nune, da sa hannu a kan kofe-kofen da aka buga. Zane guda mutum ɗaya ne zai saya, amma idan aka buga shi, dubban gidaje za su samu. Zanen wani toron giwa da Shepherd ya fitar a 1962 ya yi kasuwa matuƙa ta wannan hanya.

Hakan ya jawo masa suka daga masu sharhi kan fasaha, waɗanda ke ganin aikinsa na kasuwa ne kawai. Shi kuwa bai taɓa ɓoye cewa don jama'a yake zane ba.

Abin da zanen ya saya

A shekara ta 1960, a ƙasar Tanganyika, wato Tanzaniya ta yanzu, Shepherd ya tarar da gawarwakin jakunan dawa 255 a bakin wani tafki da mafarauta suka zuba wa guba. Tun daga lokacin ya ɗauki kansa a matsayin wanda dabbobi ke bi bashi.

A 1973 ya zana damisar Indiya, aka buga kofe 850, aka tara fiye da fam dubu 127 domin shirin ceto damisa da gwamnatin Indira Gandhi ta ƙaddamar a shekarar. A 1984 ya kafa gidauniya mai ɗauke da sunansa, wadda ke tallafa wa yaƙi da farautar sata a Afirka da Asiya.

Wannan ya zo ne daidai lokacin da giwayen Afirka ke cikin tsaka mai wuya. An ƙiyasta cewa yawansu ya ragu daga kimanin miliyan ɗaya da dubu 300 a 1979 zuwa kusan dubu 600 a 1989, shekarar da aka amince da haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe.

A ƙarshen rayuwarsa Shepherd ya yi fama da cutar makyarkyata ta Parkinson. Gasar masu zanen namun daji da gidauniyarsa ta fara a 2008 ta ɗora a kan tsarin da ya bari: mai zane ya yi aikinsa a ɗaka, a sayar, a raba kuɗin tsakaninsa da masu gadin dabbobin da ya zana.