Kuɗin Banki da Kujerar Mulki: Yadda Italiya ta Farfaɗo da Fasahar Girka da Rum

Masana tarihi suna kiran abin da ya faru a Turai tsakanin ƙarni na 14 da na 16 da suna Renaissance, kalmar Faransanci mai nufin sake haihuwa. A zamanin ne masu zane, magina da masu sassaƙa suka koma ga salon tsoffin Girkawa da Rumawa. Sau da yawa ana ba da labarin tamkar baiwa ce kawai ta sauko wa wasu mutane. Amma wanda ya bi sawun kuɗin zai iske ’yan kasuwa, masu banki da fafaroma suna neman suna da ikon mulki.

Me aka farfaɗo da shi?

Kafin wannan zamani, yawancin zanen coci ba ya nuna zurfi. Girman mutum a hoto yana bin matsayinsa ne a addini. Sababbin masu fasaha kuwa sun nemi daidaiton gaɓoɓin jiki da lissafin gini irin na Rumawa. Masu littattafai ne suka share hanya: a 1345 Petrarch ya gano wasiƙun Cicero a Verona, a 1397 kuma Manuel Chrysoloras ya fara koyar da harshen Girka a Florence.

Filippo Brunelleschi ya yi nazarin kufan gine-ginen Rum, sannan tsakanin 1420 da 1436 ya gina ƙubbar babbar cocin Florence. Shi ne kuma ya nuna dabarar zana abu ta yadda na nesa zai ƙanƙance bisa lissafi, dabarar da Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa’idojinta a 1435. Ilimin gani da wannan dabara ta dogara da shi ya ratsa ta hannun malaman Musulmi. An fassara Kitab al-Manazir na Ibn al-Haytham zuwa Latin, kuma masassaƙi Lorenzo Ghiberti ya ɗebo daga cikinsa a nasa rubutun.

Wa ya biya kuɗin?

Florence jamhuriya ce da ƙungiyoyin sana’a suke juya ta. Ƙungiyar dillalan tufafi ce ta shirya gasar 1401 ta ƙera ƙofofin tagulla na ɗakin baftisma, wadda Ghiberti ya lashe. Ƙungiyar masu sana’ar ulu ce ke kula da ginin babbar cocin.

Sai gidan Medici, da suka kafa banki a 1397 har suka zama masu ajiyar kuɗin Fafaroma. An kori Cosimo de’ Medici daga birnin a 1433, ya dawo a 1434, ya riƙe ragamar mulki shekara 30 ba tare da ya naɗa rawani ba. Ya bar majalisu a tsaye, yana tabbatar da cewa mutanensa ne ke cike kujerun. Coci ta haramta riba a kan bashi, don haka dukiyar mai banki abar zargi ce. Cosimo ya sake gina gidan ibada na San Marco, ya kafa ɗakin karatu a cikinsa. Jikansa Lorenzo ya rubuta cewa daga 1434 zuwa 1471 gidansu ya kashe fiye da tsabar zinariya 600,000 a gine-gine, sadaka da haraji, kuma a ganinsa kuɗin ba su tafi a banza ba.

Mutum-mutumi a matsayin sanarwar siyasa

Abokan hamayya ma sun gane ƙarfin wannan makami. Bayan an kori Medici a 1494, mai wa’azi Savonarola ya sa an ƙona kayan ado da hotuna a dandalin birnin a 1497. Shi ma a nan aka kashe shi a 1498. A 1504 jamhuriyar ta kafa aikin Michelangelo mai suna David, mai tsawon fiye da mita 5, a ƙofar fadar gwamnati. Saƙon a fili yake: ƙaramin birni da ke shirye ya tunkari duk wani Jaluta, har da Medici.

Duk da haka sun dawo a 1512, kuma a 1513 ɗan Lorenzo ya zama Fafaroma Leo na 10. Sayar da takardun yafe zunubi, wanda wani ɓangare na kuɗinsa ke tafiya ginin cocin Bitrus a Rum, na cikin abin da ya harzuƙa Martin Luther a 1517, cocin Yammacin Turai ta rabu gida biyu.

Hatta labarin sake haihuwar yana da ubangida. Giorgio Vasari, wanda littafinsa na 1550 ya yaɗa ra’ayin cewa fasaha ta mutu bayan faɗuwar Rum har sai da ’yan yankin Florence suka tashe ta, ya sadaukar da littafin ne ga Cosimo na 1, sarkin Florence daga gidan Medici. Shi ya sa masana na yanzu suke karanta shi da taka-tsantsan, suna tuna cewa a zamanin da ya raina ne aka gina manyan cocin Chartres da Notre-Dame, aka kuma kafa jami’o’in Bologna da Paris.