Tsofaffin Kuɗin Azurfa Masu Hatimi Biyu: Abin Lura Kafin A Saya Ko A Narkar

Dillalan azurfa da maƙeran farfaru kan ci karo da tsohon kuɗi mai ɗauke da wani ƙaramin hatimi da aka buga bisa zanensa na asali. Galibi auna shi ake yi a biya kuɗin nauyinsa, alhali masu tara tsofaffin kuɗi na iya biyan ninkin-ba-ninkin hakan.

Hukumomi sun riƙa buga irin wannan hatimi ne idan kuɗinsu ya yi ƙaranci. A shekarar 1797 Bankin Ingila ya ɗauko dalolin azurfa na Sifen, ya buga musu ɗan ƙaramin hoton kan Sarki George na Uku, ya sanya farashinsu sule 4 da nai. Da yake wannan farashi ya zarce kuɗin azurfar, nan da nan 'yan jabu suka sassaƙa nasu hatimin, har aka sake fasalinsa a 1804. A Ostireliya kuwa, a 1813 Gwamna Macquarie ya sa aka huda tsakiyar daloli 40,000 aka hatimce su. Kimanin 300 suka rage, kuma mafiya kyau a cikinsu an sayar da su kan dubban ɗaruruwan dalar ƙasar.

Wanda ya fi shafar kasuwanninmu shi ne liyari, wato dalar Mariya Tariza, wadda aka yi ciniki da ita a Borno da Kano a ƙarni na 19. Nauyinta kimanin giram 28 ne, kuma shekarar 1780 da ke jikinta ba shaida ba ce, domin da wannan shekarar ake ci gaba da buga ta a Biyana. Ana samun masu hatimin Larabci da sunan Hijaz ko Najad, amma masana na shakkar da yawa daga cikinsu. Dalili kuwa mai sauƙi ne. Landan ba ta fara buga liyari ba sai 1936, don haka bugun Landan mai hatimin da aka ce na zamanin Sharif Husaini ne, jabu ne tsagwaronsa.

Mai saye ya duba da gilashi mai ƙara girma. Duka da guduma kan bar wani wuri a baje a bayan kuɗin, daidai saitin hatimin. In babu shi, mai yiwuwa zubi aka yi. Haka kuma hatimi sabo ƙal a jikin kuɗin da ya sha hannu abin tuhuma ne. Ƙananan alamun da 'yan kasuwar Sin suka riƙa bugawa don gwada azurfa ba na hukuma ba ne, farashinsu daban.

Babbar asara ita ce gogewa. Kuɗin da aka wanke da toka ko lemun tsami, ko aka lanƙaya masa zobe don sarƙar wuya, darajarsa ta faɗi a idon masu tarawa, komai ingancin hatiminsa.