Kanar Morland: Baturen Da Ya Ci Yola, Kano Da Sakkwato

Duk sa'ad da aka tayar da zancen zuwan Turawa, sunan Gwamna Lugga ke fara zuwa bakin jama'a. Amma kuwa wanda ya riƙe takobin, watau Kanar Thomas Morland, ba kowa ya san shi ba.

An haife shi a Kanada cikin 1865, ya shiga sojan Ingila a 1884, sa'an nan aka turo shi ƙasar nan a 1898, shekarar da Lugga ke harhaɗa rundunar Afirka ta Yamma. Hafsoshin Turawa ne, amma yawancin masu ɗaukar bindigar Hausawa ne da Yarabawa.

Mutanen ƙasar Muri suna da rabonsu cikin labarin. A daminar 1901, da Binuwai ya cika, jiragen ruwan Morland suka hauro ta Ibi da Lau, cikin Jihar Taraba ta yau, suka nufi Yola. Jalingo kuwa a lokacin shekararta 8 kacal da zama mazaunin Sarkin Muri. Ran 2 ga Satumba aka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice, shi kuma Morland ya sha kibiya amma ya tashi.

Daga nan sai Bauchi da Barno a 1902. Ran 3 ga Fabrairu 1903 ya fasa ganuwar Kano da igwa, alhali Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Ran 15 ga Maris kuma rundunarsa ta kara da ta Sarkin Musulmi Attahiru, bindiga mai ruwa ta karya dawakin Sakkwato.

To, ramin mugunta a gina shi gajere. A Yaƙin Duniya na Farko, yana Janar, ya ja runduna a yaƙin Somme a Faransa. Ran 1 ga Yuli 1916 bindiga mai ruwa ta Jamus ta yi wa sojansa irin abin da tasa ta yi wa mahayan Sakkwato. Ingila ta yi hasarar rayuka fiye da 19,000 a yini guda, aka kuma zarge shi da zama nesa da fagen fama.

Duk da haka ya shugabanci sojan Ingila da ke Jamus daga 1920 zuwa 1922, ya mutu a 1925. Ya kamata malamanmu na tarihi su sanar da yara sunansa, don su san ta hanyar da mulkin mallaka ya shigo.