Yadda kwamfuta ke hango matsala a masana'antun ƙera ƙwaƙwalwar na'ura

Kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar wayoyin salula da kwamfutoci suna ƙara dogaro da ƙirƙirarriyar basira wajen hasashen abin da masana'antunsu za su samar, tun kafin a kammala aiki.

Ana ƙera ƙwaƙwalwar ce a kan wani faifai na sinadarin silikon mai faɗin milimita 300, wanda ake yankawa gida-gida daga ƙarshe.

Kowane faifai yakan bi ta ɗaruruwan matakai, aikin da kan ɗauki kimanin watanni uku.

Ƙwayar ƙura ɗaya, ko ɗan sauyin zafi a cikin inji, na iya lalata kayan, kuma sau da yawa ba a ganewa sai a gwajin ƙarshe.

Yadda ake hasashen

Auna kowane faifai a kowane mataki zai jinkirta aiki, don haka kaɗan ake zaɓa a duba.

To sai dai injinan suna ɗauke da na'urorin da ke auna zafi da matsin iska da yawan gas ba dare ba rana.

Akan ba kwamfuta waɗannan bayanai tare da sakamakon faya-fayen da aka riga aka gwada, har ta koyi alamun da ke zuwa gabanin matsala.

Daga nan sai ta riƙa ƙiyasta ingancin faya-fayen da ba a auna ba, da lokacin da inji zai buƙaci gyara, da ranar da kaya za su fito.

Abin da ake gudu

Injin zana ƙwaƙwalwa samfurin EUV, na kamfanin ASML da ke ƙasar Holland, kuɗinsa ya haura dala miliyan 150, don haka tsayawarsa ko ta awa guda babbar asara ce.

A shekara ta 2021, ƙarancin ƙwaƙwalwar ya tilasta wa kamfanonin motoci irin su Ford da Toyota rage yawan motocin da suke ƙerawa.

Galibin ƙwaƙwalwar da ta fi inganci a duniya kuwa, kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera ta.

Amma hasashen yana da iyaka, domin abin da ya wuce kaɗai kwamfutar ta sani.

Idan aka sauya samfuri, ko aka yi wa inji garambawul, ƙiyasinta na iya kaucewa, sai injiniyoyi sun sake koyar da ita da sabbin bayanai.